Cinikin Biri a Sama a Bakin Titin Zariya



Duk wanda ya bi titin Zariya ta Gyadi-Gyadi, ko ya bi titin Maiduguri ta wajen Tarauni, ya san sayar da mota ta hannu ta zama babbar sana'a a wannan yanki. Ga su nan jere a bakin titi, an wanke an goge, tayoyi sun sha mai suna ƙyalli, wata an ɗora mata jarka a ka alamar ta sayarwa ce. Dillalai na zaune a inuwa, da ka rage tafiya an taso maka: "Alhaji bismilla, wacce ta yi maka?" Sana'a ce ta halak, gidaje da yawa da ita suke ci, kuma akwai mutanen kirki a cikinta waɗanda sunansu ya fi musu kuɗi. To amma daga wuraren nan zuwa titin Kotu na Gyadi-Gyadi tafiyar 'yan mintuna ce, kuma akwai cinikin da ake ƙullawa da dariya a bakin titi, a je a kwance shi da hawaye a gaban alƙali. A kan wannan nake son mu yi magana yau.

Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, sabuwar mota ta fita daga lissafin ma'aikaci da matsakaicin ɗan kasuwa. Ita kanta Beljiyam ta yi tsada, shi ya sa jama'a suka koma wa wadda aka riga aka hau a gida, wadda ta bi ta hannu biyu, uku, wani lokaci biyar. Kowane hannu kuwa yana barin wani abu a jikin mota. Wani ya bar bashi, wani ya bar haɗari, wani ya bar ƙara a ofishin 'yan sanda. Ranar da ka karɓi makulli, duk ka gaje su.

Mutum zai aurar da 'yarsa, sai ya tura a bincika masa asalin yaron, sana'arsa, masallacin da yake salla, har majalisar da yake zama. Babu mai ganin laifinsa. Amma mutumin nan zai kwashi kuɗin sallamarsa na aikin gwamnati, ko baiwar Allah ta sayar da filin gadonta, a zuba a kan motar da ba a san inda ta fito ba, don kawai injin ya yi ƙara mai daɗi kuma esi yana sanyi. An zagaya da ita daga Gyadi-Gyadi zuwa Unguwa Uku an dawo, makanike ya buɗe bonet ya gyaɗa kai, shi ke nan an sallama. Makanike ya yi aikinsa, lafiyar inji ya duba. Ba shi zai gaya maka ko motar ta wane ce ba.

Abin da zai gaya maka wannan yana nan a jikin motar, kuma kyauta ne. Lambar casis ake ce masa. A akasarin motocin da ake shigo mana da su, harufa ne da lambobi guda 17, tsarin da aka tsayar tun 1981. Ku tsaya a gefen direba ku leƙa ƙasan gilashin gaba, za ku gan ta a wani ɗan ƙarfe. Ku buɗe ƙofar direba, akwai ta a tambarin da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar. Sannan akwai wadda aka buga a ƙarfen motar kanta, a wasu cikin bonet, a wasu ƙarƙashin kujerar gaba idan an ɗaga kafet. Dole ukun nan su zama iri ɗaya, kuma su dace da abin da ke rubuce a kowace takarda da aka miƙo muku. Kada ku duba huɗun ƙarshe ku ce ya yi. Ɗaya ya riƙe takarda yana karantawa da ƙarfi, ɗaya yana bin ƙarfe da yatsa, harafi bayan harafi. Wadda aka buga a ƙarfen, ku shafa ta. Idan kun ji tudun walda a kewayenta, ko fentin wurin ya fi na sauran jiki sabunta, ko wani harafi ya karkace ya fita daga layi, to a nan ciniki ya ƙare. Ku yi godiya ku tafi.

Lambar nan tana magana ga wanda ya iya saurarenta. Babu harafin I, da O, da Q a cikinta, don kada a rikita su da ɗaya da sifili, saboda haka in kun gan su a takarda akwai abin tambaya. Na farko yana nuna ƙasar da aka ƙera motar: J na Japan ne, W na Jamus, K na Koriya, 2 na Kanada, 1 da 4 da 5 na Amurka. A motocin da aka yi don kasuwar Amurka da Kanada, na goma shi ne shekara. Idan 8 ne, ƙirar 2008 ce. 9 kuma 2009. A ita ce 2010, B 2011, C 2012, haka har gaba. Amfanin wannan a bayyane yake, domin yanzu akwai gwanayen canza wa mota fuska. Za a ɗauki tsohuwar ƙira a sauya mata fitilu da bamba da gaba, ta fito kamar ta shekara biyar bayanta, a sa mata kuɗin sabuwar. Fitila ana canza ta da sukudireba. Harafi na goma yana nan inda kamfani ya buga shi.

Sai maganar kwastam, wadda ta fi kowacce cin mutanen Arewa. Tun 1 ga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Kowa ya san hanyar da 'yan Kwatano suka saba bi, su ratso ta Nijar su faɗo ta wajen Jibiya ko Kwangwalam ko Maigatari, kuma kowa ya san hanin bai sa hanyar ta mutu ba. Motar da ta shigo ta haka sau da yawa ba ta da takardar diyuti ta gaskiya, amma ba za a rasa ba ka takarda ba. Wata ta bogi ce daga tushe. Wata ta gaske ce amma ta wata motar daban, an goge lamba an sa wata. Wata kuma an biya, amma an rage shekarar motar don kuɗin ya sauka. Za ka iya shekara biyu kana yawo da ita a cikin gari babu wanda ya tare ka. Ranar da ka ɗauki iyali za ku biki Kaduna ko Abuja, a nan jami'ai za su tsayar da kai a hanya, su buga lambar a na'ura, su ce kowa ya sauko. Ba wanda ya yi fasa-ƙwaurin ake nema a lokacin ba. Wanda aka samu da motar shi ke da magana. A 2019 kwastam sun rufe wuraren sayar da motoci da dama a ƙasar nan a kan wannan batu, a 2024 kuma suka buɗe ƙofa ta kwana 90 don masu irin waɗannan motoci su je su cika abin da ake bin su. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana yawansu.

Maganinsa ba wahala. Ka karɓi kwafin takardar, ka tafi da ƙafarka ofishin kwastam na shiyyar Kano da Jigawa a Bompai, ka nemi a tantance maka ita da lambar casis. Da ƙafarka na ce. Kada mai mota ya ce yana da yaro a can zai kira shi a waya. Kuma kada a ba da ko sisin kafin alƙalami sai amsa ta fito, domin kuɗin da ya shiga hannun mutane uku kafin la'asar ba ya dawowa cikakke.

Lambar da ke rataye gaba da baya ita ma tana da wurin dubawa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, tana da shafi a intanet inda za ka sa lambar mota ya nuna maka irin motar da aka yi wa rajista da ita. Idan kana tsaye gaban Corolla shafin ya ce maka lambar ta Golf ce, ka ga ba sai an yi dogon bayani ba. Inshora ma haka, akwai rumbun NIID da ke nuna ko takardar ta gaske ce. Duk yaron da ke da babbar waya a gida zai yi maka wannan kafin shayi ya huce.

Yanzu ga mai nauyin: sata. Mutane da yawa suna ɗauka cewa tunda sun biya kuɗinsu a gaban shaidu, kuma ba su san ta sata ba ce, to mota ta zama tasu. Ba haka ba ne, ko a dokar ƙasa ko a shari'ar Musulunci. Malamanmu na fiƙihun Malikiyya suna da babi guda a kan wannan, babin istihƙaƙi: idan mai abu na asali ya bayyana ya kawo hujja, zai karɓi abinsa, kai kuma ka bi wanda ya sayar maka. To ina za ka gan shi? Lambar wayarsa ta daina shiga, dillali ya ce shi ma haɗa su aka yi. A dokar Final Kod kuwa, sashe na 316 da na 317 sun yi magana a kan karɓar kayan sata, kuma ko da daga ƙarshe kotu ta wanke ka, ka riga ka kwana a bayan kanta, an nemo mai tsaya maka beli, unguwa ta ji. Dattijon da ya yi shekara sittin ba a taɓa kiransa ofishin 'yan sanda ba, sai mota ta kai shi. Wannan abin yana ci mini rai ƙwarai.

Kada kuma a ɗauka sai tsofaffin motoci. Manyan jif-jif ɗin da ake yayi su ɓarayin ƙetare suka fi so. A watan Satumba na 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga can aka gano su a Najeriya. Waɗanda aka karɓe su daga hannunsu, wasunsu kuɗi suka biya masu yawa. Saboda haka kafin a biya, a je wurin 'yan sanda a nemi a duba lambar casis a rajistarsu ta motoci. Idan kuma farashi ya faɗo ƙasa da na kasuwa sosai, ana ta gaggauta ka wai mai ita zai yi tafiya gobe da asuba, ka tuna banza ba ta kai zomo kasuwa.

Motocin Amurka suna da tasu matsalar. Da yawa daga cikin waɗanda ke iso mana, a gwanjon motocin kamfanonin inshora aka sayo su, irin na Copart, bayan haɗari ko ambaliya. Guguwar Harvey da ta afka wa Houston a 2017 ta nutsar da motoci masu ɗimbin yawa, kuma irin waɗannan ba a can suke ƙarewa ba. Wadda ta yi haɗari aka gyara da kyau, aka faɗa maka, aka rage kuɗi, babu laifi. Wadda ta sha ruwa ita ce masifa, domin wayoyinta da ƙwaƙwalwarta suna ruɓewa a hankali, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta rikice, jibi ta mutu a tsakiyar gadar Dangi, kai da mai gyaran wuta kun zama 'yan uwa. Ku ja bel ɗin kujera har ƙarshensa ku duba ko akwai zanen laka. Ku leƙa ƙarƙashin kujera ku ga ko ƙarafan sun yi tsatsa. Ku ɗaga safaya a but ku shafa ƙasan wurin, ko akwai yashi. Ku rufe ƙofofi ku shaƙi iskar ciki; turaren da ya yi yawa a motar sayarwa shi ma abin lura ne. Sannan da lambar casis ɗin nan ana sayen rahoton Carfax, wanda ke nuna haɗarin da aka rubuta mata da tafiyar da ta yi kafin ta bar can. A nan ne za ka ga motar da mitarta ke nuna dubu tamanin, alhali ta haura dubu ɗari biyu tun tana Texas.

Na daɗe a kan mota, amma wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai sayen Adaidaita Sahu. Tun da aka hana acaɓa a Kano a Janairun 2013, keken nan ya zama jarin talaka. Da shi bazawara ke riƙe marayu, da shi matashi ke tara kuɗin aure. Yawancinsu kuwa a kan bashi suke fita: mai kuɗi ko kamfani ya saya, ya ba direba, yana kawo balas kullum ko duk mako har ya gama biya ya zama nasa. Takardun asali suna hannun mai kuɗin. Sai direba ya matsu, saura wata shida ya gama, ya kai keken wata unguwa ya sayar da kwafin takardu, ya ce na asalin sun jiƙe a damina. Bayan sati biyu mai shi ya gan shi a kasuwar Tarauni yana sauke fasinja, ya riƙe kan keken. Wa za a bai wa gaskiya? Mai takardar asali. Don haka mai sayen keke ya nemi rasidin farko na dilan da aka saya a wurinsa, ya gwada lambar inji da ta casis, ya je hukumar KAROTA a duba sunan da ke kan lambar da aka rubuta a jikinsa, ya kuma tambaya a tashar da keken ke lodi. 'Yan tasha sun san keken kowa, sun san wanda ya gama biya da wanda bai gama ba. Akwai ma rajistar da Babban Bankin Najeriya ya buɗe a 2016 ta kadarorin da aka jinginar, aka ƙarfafa ta da doka a 2017, inda ake iya duba ko wani banki ya rubuta abin hawa a matsayin jingina. Mutane ƙalilan ne suka san da ita.

Haka abin yake ga masu zuba jari a ruwa, domin akwai 'yan kasuwarmu da ke sayen jirgin ruwa ko injinsa na hannu su kai Tiga ko Bagwai ko Yawuri. Injin jirgi yana da lambarsa a jiki, kuma abu ne da ake kwancewa a sace cikin dare, don haka a nemi rasidinsa. Jirgin haya kuma hukumar NIWA mai hedikwata a Lakwaja ce ke da alhakin yi masa rajista da duba lafiyarsa. A tambayi Sarkin Ruwa da matuƙan wurin shekarun jirgin, ko ya taɓa kifewa, da mutum nawa yake ɗauka. A fito da shi tudu a ƙwanƙwasa katakon ƙasa, a duba inda aka toshe da kwalta. Ba mu manta da 30 ga Nuwamba 2021 ba, ranar da jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ɗaliban Islamiyya daga Badau za su Mauludi, aka rasa aƙalla mutum 29. Lodi fiye da ƙima aka ɗora wa alhakin wannan. Wanda ya sayi jirgi bai san ƙarfinsa da tarihinsa ba, da me zai auna lodin? A mota dukiyarka ce a gaba. A ruwa 'ya'yan mutane ne.

To me ke hana mu yin duk wannan, tunda ba shi da tsada? A ganina kunya ce. Dillalin maƙwabci ne, ko abokin yayanka, ko sahu ɗaya kuke salla. Kana cewa za ka kai takarda Bompai sai fuska ta canza: "Haba Alhaji, ni ne fa. Yanzu ba ka yarda da ni ba?" Sai jikinka ya yi sanyi, ka ce a bar shi kawai. Alhali shi ma dillalin sau da yawa bai sani ba. Kawo masa aka yi, la'adarsa yake nema. Amsar da ta dace mai sauƙi ce: "Na yarda da kai, Malam. Wanda ya kawo maka ne ban sani ba." Dillalin kirki zai ce mu je tare, don binciken yana kare shi kamar yadda yake kare ka. Ina kira ga shugabannin masu sayar da motoci na wannan yanki su mayar da wannan ƙa'ida: kada mota ta kwana a filinsu sai an rubuta sunan wanda ya kawo ta, da lambarsa ta NIN, da hotonsa.

Idan komai ya fito daidai, a rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, amma mu da muke karanta ta kullum sai mu yi cinikin miliyoyi da musafaha. A rubuta sunan mai sayarwa kamar yadda yake a katinsa, da lambar casis, da ta inji, da kuɗin, da kwanan wata, shaidu biyu su sa hannu. Idan sunan da ke takardun mota ba nasa ba ne, ya kawo takardar cinikin da ta haɗa shi da mai sunan, in hannu uku ne a ga uku. Kuɗi kuma ya bi ta banki zuwa asusun mai wannan sunan, kada ya bi ta asusun wani yaro mai POS.

Sannan a je ofishin lasisi a yi canjin mallaka, kada a ce sai takardu sun ƙare. Wannan ya shafi mai sayarwa ma fiye da yadda yake zato. Muddin motar na ɗauke da sunanka a rajista, duk abin da aka aikata da ita, ko kaɗe mutum aka yi aka gudu, ko wani mugun kaya aka kama a ciki, ƙofar gidanka za a fara ƙwanƙwasawa, ko da ka rabu da ita shekara uku. Ka riƙe kwafin yarjejeniyar da na katin wanda ya saya, kuma kada ka miƙa takardun asali sai kun tsayar da ranar da za ku je ofishin tare.